Kasini, mutumin da ya hango tsaga a zoben Zuhalu

Jan Dominik Kasini masanin taurari ne wanda ya rayu shekara fiye da 300 da suka wuce. A littattafan faransanci za ku ga an rubuta sunansa Jean-Dominique Cassini. Ya yi ayyuka masu yawa a rayuwarsa, amma abin da aka fi tunawa da shi wani baƙin layi ne siriri da ya hango a jikin zoben duniyar Zuhalu a shekara ta 1675. Wannan layi ne ya sa shi tunanin cewa zoben taron ƴan ƙananan watanni ne masu gudu tare. Bai ga ko ɗaya daga cikinsu da idonsa ba. Sai bayan mutuwarsa da daɗewa aka gan su.

1. Ƙuruciyarsa

An haifi Kasini ran 8 ga watan Yuni na shekara ta 1625 a Perinaldo, wani ƙauye da ke bisa tudu a arewa maso yammacin ƙasar Italiya, kusa da iyakar Faransa ta yau. Sunan da iyayensa suka sa masa shi ne Giovanni Domenico. Kawunsa ne ya riƙe shi, ya sa shi karatu. Da ya tasa, aka kai shi makarantar limaman kirista a birnin Jenowa, bakin teku.

Yaro ne mai son waƙa da lissafi. Da farko abin da ya ja hankalinsa zuwa sama shi ne duba, wato neman sanin abin da zai faru ga mutum ta wurin taurari. Ya karanta littattafan masu duba sosai. Amma da ya yi nisa, sai ya gane maganarsu ba ta da tushe. Ya bar duba, ya kama aunawa: ina tauraro yake a daren jiya, ina yake a daren yau, nawa ya gusa. Wannan aiki ne ya riƙe har ƙarshen ransa.

2. Malami a Boloniya

A shekara ta 1648 wani attajiri mai suna Malbaziya ya kira shi ya yi aiki a gidan kallon taurari da ya gina kusa da birnin Boloniya. Bayan shekara biyu, a 1650, jami'ar Boloniya ta naɗa shi malamin ilimin taurari. Shekararsa 25 kawai a lokacin.

A 1655 ya yi wani aiki da ya fito da sunansa. Ya sa aka huda ƙaramin rami a rufin babbar majami'ar birnin, wadda ake kira San Petronio, a tsawon mita 27 daga ƙasa. Kana ya shimfiɗa layi miƙaƙƙe a daɓe, mai tsawon kusan mita 67. Kullum rana ta take tsaka, haskenta yakan shigo ta ramin ya faɗa bisa layin. Wurin da hasken ya faɗa yana gusawa daga rana zuwa rana, kuma da haka ake auna tafiyar shekara. Layin yana nan har yanzu.

Hukumomi ma sun yi amfani da iliminsa. Sun sa shi binciken ambaliyar koguna da gyaran ganuwa. Amma da dare ya yi, sai ya koma ga madubinsa na hangen nesa. Wani gwanin wasa gilashi na birnin Roma, mai suna Kampani, shi ne yake yi masa gilasai masu kyau ƙwarai. Da su Kasini ya lura da tabo a jikin duniyar Mushtari, ya bi tabon har ya gane Mushtari tana juyawa sau ɗaya cikin awa 9 da minti 56. A 1666 ya auna ta Mirrihu, ya samu awa 24 da minti 40. A 1668 kuma ya buga jadawalin tafiyar watannin Mushtari guda huɗu.

A nan sai mu lura: a ilimin taurari, duk wani dunƙulen dutse ko na ƙanƙara da ke kewaya wata duniya, wata ake ce masa. Duniyarmu tana da guda ɗaya. Waɗansu duniyoyi suna da watanni da yawa.

3. Kiran sarkin Faransa

Labarin Kasini ya kai kunnen Sarki Luwi na 14 na Faransa da wazirinsa Kolber. A lokacin suna gina babban gidan kallon taurari a Paris, suna neman gwanin da zai yi aiki a ciki. Kasini ya isa Paris a 1669, da niyyar ya ɗan daɗe kaɗan ya koma gida. Ashe zama ya zo. A 1671 ya tare a sabon ginin, a 1673 ya zama ɗan ƙasar Faransa, ya yi aure a can, ya haifi ƴaƴa.

A 1672 ya yi ƙoƙarin auna nisan rana. Abokin aikinsa Rishe ya tafi Kayen, a Amurka ta Kudu, shi kuwa ya zauna a Paris. Su biyu suka riƙa duban Mirrihu a darare ɗaya. Da aka gwada abin da kowa ya gani, aka lissafa, sai aka samu nisan rana ya kai wajen kilomita miliyan 140. Yau mun san miliyan 150 ne. Ga mutanen wancan zamani, wannan kusantar gaskiya ce babba.

4. Duniya mai kunnuwa

Zuhalu ita ce mafi nisa cikin duniyoyi biyar da ido yake iya gani ba da madubi ba. Sunan daga larabci muka samo shi, da faransanci kuwa Saturne ake ce mata. Faɗinta ya yi tara na duniyarmu, kuma sai ta yi shekara 29 da rabi kafin ta kewaye rana sau ɗaya.

Tun kafin a haifi Kasini, Zuhalu take ruɗa masana. A 1610 Galile ya dube ta da ɗan madubinsa, ya ga kamar tana da kunnuwa biyu. Bayan shekara biyu ya sake dubawa, kunnuwan sun ɓace. Ya mutu bai san dalili ba. Sai a 1659 wani mutumin Holan mai suna Huygens ya bayyana cewa zobe ne, mai faɗi amma marar kauri, ya kewaye duniyar ba ya taɓa ta. In ka riƙe faifai daga nesa, ka juyo da gefensa, ba a ganinsa sosai. Haka zoben yake ɓacewa duk bayan shekara 15 ko kusa da haka. Huygens ya ɗauka zoben abu guda ne mai ƙarfi, kamar na ƙarfe. Shi ne kuma ya gano Titan, babban watan Zuhalu, a 1655.

Kasini ya sa wa Zuhalu ido shekara da shekaru. A 1671 ya gano wata na biyu, a 1672 na uku, a 1684 kuma ya ƙara biyu. Ya kira su taurarin Luwi don girmama sarki. Sunayen da aka san su da su yau, wato Yafet da Reya da Tetis da Diyon, daga baya aka raɗa musu.

Aikin ba sauƙi gare shi ba. Madubin da ya gano na ƙarshen da shi ba ya da bututu, don ya yi tsawo da yawa. Akan ɗora gilashi ɗaya can bisa, mai kallo kuwa ya tsaya ƙasa, mita da dama daga wurin, yana riƙe da ƙaramin gilashi, yana laluben hasken cikin duhu da sanyi. Da ya gusa kaɗan, abin da yake kallo ya kuɓuce.

Yafet ya nuna irin hankalin Kasini. Ya lura yana ganin watan sarai in yana yamma da Zuhalu, amma in ya koma gabas sai ya dushe. Ya yi tunani, ya ce lalle rabin watan fari ne, rabi baƙi, kuma kullum fuska ɗaya yake juya wa Zuhalu. Bayan shekara 300 hotuna sun nuna haka abin yake.

5. Baƙin layi

A shekara ta 1675 ne ya ga abin da ba wanda ya gani kafinsa. Akwai baƙin layi siriri da ya bi zoben, ya raba shi biyu: na ciki mai haske, na waje mai ɗan duhu. Wannan layi shi ake kira tsagar Kasini. A madubi kamar zare take, amma faɗinta ya kai wajen kilomita 4,800, wato tafiyar Yamai zuwa Damagaram sau biyar da ɗoriya.

In zobe ya rabu biyu, yaya za a ce abu guda ne? Kasini ya karkata ga cewa zoben taron abubuwa ne ƙanana, masu yawan gaske, kowanne yana kewaya Zuhalu kamar ɗan wata. Yawansu da nisansu ne suka sa ake ganinsu kamar abu ɗaya. Wanda ya taɓa hango fara tana tahowa daga nesa ya san haka: sai ka ce hadari ne, sai ta iso ka ga ɗaiɗai ce. Amma ba ya da hanyar tabbatar da wannan magana. Madubin zamaninsa bai kai ba.

6. Inda ya kauce

Kasini gwanin kallo ne, amma mutum ne mai wuyar karɓar sabon ra'ayi. A 1676 wani saurayi ɗan Danmak mai suna Romer, wanda suke aiki tare a Paris, ya nuna cewa haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso daga wuri zuwa wuri. Da tafiyar ɗaya daga watannin Mushtari ya kafa hujjarsa, ilimin da Kasini ya fi kowa sani. Duk da haka Kasini ya ƙi yarda. Romer ne mai gaskiya.

Haka kuma Niyuton na Ingila ya ce duniyarmu ta ɗan baje a ƙugu, ta ɗan lotsa a kai da gindi. Kasini da ɗansa Jak suka ce a'a, tsawo ta yi kamar ƙwai. Sai da aka aika masu awo zuwa can arewacin Turai a 1736 aka raba gardama. Niyuton ne mai gaskiya. Abin da Kasini ya gani da idonsa ya auna, ya tsaya. Inda ya kafe bisa ra'ayi ya ƙi sauraron na ƙasa da shi, nan ne ya yi hasara.

7. Ƙarshen rayuwarsa

Da tsufa ya zo, idanun da suka yi masa aiki shekara 60 suka fara dushewa. Wajen 1711 ya makance sarai. Ya rasu a Paris ran 14 ga watan Satumba na 1712, yana da shekara 87. Ɗansa ya gaje shi a gidan kallon taurari, sa'an nan jikansa, sa'an nan ɗan jikansa, har zuwa 1793. Zuriyarsa ce ta zana babbar taswirar Faransa wadda ake kira da sunan gidansu.

8. An gwada maganarsa

Maganar ƴan ƙananan watanni ta daɗe tana jira. A 1859 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Makswel ya nuna da alƙalami cewa zobe mai ƙarfi ba zai daɗe ba, zai karye ko ya faɗa wa Zuhalu. Dole ne ya zama ɓarɓashi. A 1895 wani Ba'amurke mai suna Keeler ya auna gudun zoben ta hanyar binciken haskensa.

Ga yadda awon ya raba gardama. In yara goma suka riƙe hannun juna a jere, suna kewaya itace, na bakin waje shi ne zai fi kowa gudu. Haka abu guda yake juyawa. Amma abubuwan da ke kewaya wata duniya kowanne da kansa, na kusa ne yake fin sauri, don jan duniyar ya fi ƙarfi a kusa. Keeler ya samu gefen zoben na ciki ya fi na waje gudu. Ke nan ɓarɓashi ne. Yau an san na ciki cikin babban zoben yana gama kewaye cikin awa 8, na bakin waje kuwa sai ya yi awa 14 da ɗan kai.

An kuma gane abin da ya buɗe tsagar. Akwai wani wata mai suna Mimas, wanda aka gano a 1789, yana kewayawa a wajen zoben cikin awa 22 da rabi. Ɓarɓashin da ke bakin tsagar na ciki yana yin kewaye biyu daidai lokacin da Mimas ya yi ɗaya. Saboda haka Mimas yana fizgarsa a wuri ɗaya kullum. Kamar mai tura yaro a lilo ne: turi kaɗan kaɗan, in yana zuwa a kan kari, sai lilo ya yi sama. Da haka ɓarɓashin yake barin wurin.

9. Makiyaya a cikin zobe

A 1980 da 1981 kumbuna biyu na Amurka, Voyager 1 da Voyager 2, suka wuce kusa da Zuhalu, suka aiko da hotuna. Aka ga zoben dubban layuka ne, kuma tsagar Kasini ma akwai ɗan ɓarɓashi a cikinta. Yawancin ɓarɓashin ƙanƙara ce, daga mai girman ƙwayar gero har mai girman ɗaki. Faɗin zoben daga gefe zuwa gefe ya wuce kilomita 270,000, amma kaurinsa a wurare da yawa bai fi mita 10 ba.

A zoben waje akwai wata ƙaramar tsaga mai faɗin kilomita 325, wadda ake kira tsagar Enke. Masana suka lura bakinta ba miƙe yake ba, yana da lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Suka ce lalle akwai wani abu a ciki da ke motsa shi. Suka lissafa inda zai kasance. A 1990 wani masani mai suna Mark Showalter ya koma cikin tsofaffin hotunan Voyager 2, ya same shi: ɗan wata mai faɗin kilomita 30 ko kusa da haka, yana gudu a tsakiyar tsagar, yana gama kewaye cikin awa 13 da minti 48. Aka sa masa suna Pan.

Ran 15 ga watan Oktoba na 1997, Amurka da ƙasashen Turai suka harba wani babban kumbo zuwa Zuhalu. Suka sa masa suna Cassini. Ya yi tafiyar kusan shekara bakwai, ya isa a 2004. A watan Mayu na 2005 ya gano wani ɗan wata mai faɗin kilomita 8 kawai, a cikin wata tsaga mai faɗin kilomita 42 da ke ɗauke da sunan Keeler. Aka kira shi Dafnis. A tatsuniyoyin Girkawa, Pan da Dafnis duka suna da alaƙa da kiwo, kuma sunan ya dace. Kamar yadda makiyayi yake bin gefen gona yana kore dabbobi, haka ƴan watannin nan suke share hanyarsu. Suna tura ɓarɓashin ciki ya ƙara yin ciki, na waje ya ƙara yin waje.

Dafnis yana tayar da igiya a bakin tsagarsa, kamar jirgi a kogi. Amma akwai abin mamaki. A gefen ciki igiyar tana gabansa, don ɓarɓashin ciki ya fi shi sauri, yana wuce shi. A gefen waje tana bayansa, don shi ne yake wuce ɓarɓashin. A 2009, sa'ad da rana ta haska zoben daga gefe, aka ga inuwar igiyoyin, aka gane waɗansu sun tashi sama fiye da kilomita ɗaya. Pan kuwa, da aka ɗauki hotonsa daga kusa a 2017, sai aka ga ƙugunsa ya yi tudu kamar wanda ya ci ɗamara. Ɓarɓashin zoben ne ya taru a jikinsa.

Akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan ƙanƙanta. A 2006 aka ba da labarin guda huɗu masu faɗin mita 100 ko kusa da haka, daga baya aka samu da yawa. Ƙarfinsu bai isa ya share hanya duka ba. Sukan buɗe ɗan wuri a gabansu da ɗan wuri a bayansu, sa'an nan ɓarɓashin ya sake rufewa. Alamar da suke bari tana kama da farfelar jirgin sama. Ba a ganin ɗan watan kansa, sawunsa ake gani. Manya daga cikinsu an yi musu laƙabi da sunayen matuƙan jirgin sama na farko, kamar Bileriyo na Faransa. Masana sun bi su shekara da shekaru, sun ga hanyarsu tana ɗan gusawa, don su da ɓarɓashin suna jan juna.

Wannan bincike yana da amfani har ga sanin asalin duniyarmu. Masana suna ganin duniyoyi sun taso ne a cikin wani babban faifai na ƙura da iska da ya kewaye rana tun farko. Ƴan watannin zoben Zuhalu suna nuna yadda ƙaramin abu yake girma, yake buɗe hanya, yake gusawa a cikin irin wannan faifai.

Da man kumbon ya kusa ƙarewa, aka sa shi ya ratsa tsakanin zoben da Zuhalu sau 22. Ran 15 ga watan Satumba na 2017 ya faɗa cikin iskar Zuhalu ya ƙone. Shekara 305 ke nan da kwana ɗaya bayan rasuwar mutumin da aka sa masa sunansa.

Ma'anar kalmomi

Duniya: babban dunƙule mai kewaya rana, kamar tamu da Zuhalu da Mushtari da Mirrihu.
Wata: dunƙule mai kewaya wata duniya.
Madubin hangen nesa: gilasai da aka haɗa don jawo abin da ke nesa.
Kumbo: na'urar da ake harbawa sararin sama.
Tsaga: wurin da zoben ya rabu.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Kasini, a wace ƙasa kuma ya rasu?
2. Me ya sa ya bar duba?
3. Don me zoben Zuhalu yake ɓacewa wani lokaci?
4. Yaya Keeler ya tabbatar da cewa zoben ba abu guda ba ne?
5. Me ya sa igiyar Dafnis take gabansa a gefe ɗaya, take bayansa a ɗaya gefen?
6. Faɗi abu biyu da Kasini ya ƙi yarda da su, daga baya suka zama gaskiya. Wane darasi ke cikin wannan?

Aiki

Ku fita filin makaranta, ku zana da'ira uku a ƙasa, ɗaya cikin ɗaya. Yaro ɗaya ya tsaya a tsakiya, shi ne Zuhalu. Ƴan da'irar ciki su yi sassarfa, yaro ɗaya ya bi ta tsakiya da tafiya, shi ne Dafnis, ƴan da'irar waje kuwa su tafi sannu. Ku lura da waɗanda suke wuce Dafnis da waɗanda yake wucewa, sa'an nan ku zana abin da kuka gani a littattafanku.